Wanda Aka Ci Shi Ke Biya

Dokar gidan gem guda ɗaya ce, kuma babu wanda ya rubuta ta a bango: wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa, ya miƙa pad, ya tashi. Wanda ya ci kuwa yana nan daram a benci sai an samu mai tayar da shi. Haka take a Kano, haka take a Katsina, haka take a Mashi, garin nan na kan hanyar Katsina zuwa Daura, wanda a siyasa ake lissafa shi a shiyyar Daura, a sarauta kuma hakiminsa Iyan Katsina ne. Gidan gem shago ne ɗan ƙarami, da labule a ƙofa don kada hasken rana ya kashe hoton talabijin, da benci biyu ko uku, janareto na ruri a waje, ko kuwa batirin sola a lungu, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya gagari mai gem. Mutum biyu ne ke wasa. Na tsaye a bayansu sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma sun fi su baki.

Daga wannan doka yawancin maganganun wurin suka tsiro. Yaro zai ɗaga labule ya shigo, na kan benci ya waiwaya ya ce, "Ku ba shi wuri, kwastomana ya iso." Nufinsa, ga wanda ya saba biya mani kuɗin wasa. A kasuwa kwastoma abin lallashi ne, a nan kuwa shi ne wanda kullum ake ci. Wasu ma sun zarce, sai ka ji sun ce ga ATM ɗinsu nan tafe. Maganar tana da zafi ne saboda ana iya lissafa ta: kowa a ɗakin ya san yadda wancan ya sha sa hannu a aljihu. Sai dai mai faɗinta shi ma ya ɗora wa kansa bashi. In aka yi rashin dace yau kwastoman ya ci shi, zai biya kuɗin wasa, ya kuma biya maganar da ya yi, ta biyun kuwa ta fi tsada, don sai an kwashe kwanaki ana maimaita masa ita a majalisa da wurin mai shayi.

Na'urar dai baƙuwa ce, babu gardama. Kamfanin Sony na Japan ya fito da PlayStation a 1994, ta biyu a 2000, kuma ita ce ta cika shagunan Arewa. Wasan ƙwallon da ya raini samarin wancan lokaci na kamfanin Konami ne, Winning Eleven, wanda daga 2001 aka riƙa sayarwa a Turai da sunan Pro Evolution Soccer, ake taƙaita shi PES, har 2021 da aka sake masa suna eFootball. Da yawa daga faya-fayan da suka iso kasuwanninmu na Japan ne. Rubutun Japananci, mai sharhi Jon Kabira yana ihu da Japananci, yara sun haddace wurin dannawa ba tare da sun karanta ko harafi ɗaya ba, in sun zura ƙwallo su kwaikwayi ihunsa yadda kunnensu ya ji. A cikin wasan har da ɗan gida, Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax, wanda aka ba shi gudun da babu mai kamo shi. Duk wanda bai iya komai ba sai ya jefa masa ƙwallo ta gefe ya danne maɓallin gudu ya rufe ido. Tsofaffin 'yan gem, waɗanda yanzu magidanta ne, in suna so su rage wa nasarar mutum daraja sukan ce ai cin Babangida ne, wato ƙafar wani ce ta yi aikin. FIFA na kamfanin EA ya zo ya raba 'yan wasa gida biyu, kuma ko da kamfanin ya rabu da hukumar FIFA ya koma kiran wasansa FC a 2023, a bakin yara FIFA ne har gobe.

Sunayen kaya muka ara: gem, pad, memori. Da aka zo wurin gaya wa mutum an fi shi, babu wanda ya nemi aro. An ci shi. Ya sha kashi. An lallasa shi, an yi masa cin kaca, an yi masa dukan kawo wuƙa. Ɗan gaba ya yanke 'yan baya uku, ya kwantar da gola, 'yan kallo suna ihun "Kashe shi! Kashe shi!" Baƙon da ya tsaya bayan labule yana saurare zai rantse mahauta ne ke aiki a ciki, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne da suke zaga ƙauyuka da shi lokacin kaka, da wannan harshen yake magana. In ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, ko da hannu ne ko gwiwa ta taɓa, sai a ce ya yi kisa. Wanda aka kashe ya miƙe ya karkaɗe jikinsa, gobe ya dawo fage. Bahaushe ya daɗe da sanin mutuwar da ake tashi daga cikinta kafin Mortal Kombat ya zo a 1992 da jininsa na ƙarya. Shi ya sa nake ganin iyayen da ke cewa gem ya koya wa yara maganar kisa sun saki reshe sun kama ganye. Akwai abin tsoro a gidan gem, amma ba a waɗannan kalmomi yake ba.

Abin da muke dunƙulewa mu kira cika baki, in aka warware shi, iri-iri ne, kuma kowanne da sunansa tun kaka da kakanni. Mafi arha shi ne kirari, mutum ya wasa kansa: ni ne maigidan wurin nan, babu mai tayar da ni yau, gaba da gabanta aljani ya taka wuta. Ana jure kirari ne kawai daga wanda hannunsa ke iya tabbatar da shi. Mamman Shata, mutumin Musawa, ya shafe rayuwarsa yana ƙara wa waƙarsa Bakandamiya baitoci na yabon kai har ya rasu a 1999, jama'a ba su ƙosa ba, saboda babu wanda ya iya shiga fage ya ƙaryata shi. Yaron da ya yi kirari aka ci shi biyar da nema, kirarin nan zai zama sunansa.

Amma ko a dambe ba ɗan dambe ke ɗaukar nauyin maganar duka ba. Yana yin kirarinsa in an kaɗa masa take, sauran aikin na makaɗi ne. Rabin girman ɗan dambe Shago a kunnen waɗanda ba su taɓa ganinsa ba daga bakin makaɗi Ɗan Anace ya fito. A gidan gem babu kalangu, 'yan kallo su ne makaɗa. Mai riƙe da pad idonsa na kan allo, haƙoransa a cije, ba ya iya haɗa jimla mai tsawo. Gwanayen magana suna baya, jingine da bango, wasu ko sisi babu a aljihunsu, wasu ma ba su iya wasan ba sam. Na ga wani ɗan koyon ɗinki an zura masa uku, ya dakatar da wasa ya shiga canza 'yan wasa, ya cire wannan ya sa wancan, yana ta jan lokaci. Wani daga baya ya ce, cikin murya mai taushi, "Malam, ba su za ka canza ba, hannun za ka canza." Ɗakin ya tuntsire. Shi kuwa wanda ke cin bai ce uffan ba. Da ya zura ta huɗu sai ya ɗora pad a cinya ya naɗe hannu. Duk wanda ya san wasan ya san abin da wannan ke nufi. In an ci ƙwallo na'ura kan maimaita ta, kuma ladabi shi ne wanda ya ci ya danna a wuce. Shi sai ya bari aka nuna ta ta gaba, ta baya, ta sama, a hankali, gola na faɗuwa hagu ƙwallo na shiga dama, har sau uku. Sannan ya ce, "Duba da kyau, karatu ne kyauta."

Zambo ke nan, kuma yana da sharuɗɗan da yaran suka sani ko da ba su iya zayyana su ba. Dole ya zama gaskiya, dole ya zama gajere, dole ya zama sabo. Makaɗan fada irin su Narambaɗa ba sa kama sunan ɗan sarkin da ke hamayya da ubangidansu. Sukan siffanta shi ne, tafiyarsa ko rowarsa ko wata halitta tasa, har kowa a fada ya gane wa ake nufi, shi kuma ba shi da bakin kai ƙara, don in ya kai ya amsa ke nan. Zambon da bai dace da mutum ba ba ya kama shi. Ka ce wa gwanin tsaron gida ragarsa a buɗe take, babu mai dariya, kai za a kalla. Kuma maganar da ta girgiza ɗaki jiya, in ka maimaita ta yau, za a ce maka an ji wannan, kawo wata. 'Yan kallo alƙalai ne marasa tausayi, ladansu dariya ce, ba sa kuma ba da ita bashi.

Har lambobi sun zama zambo. Sun taso ne daga gidan kallon ƙwallo, wanda sau da yawa bango ɗaya ya raba shi da gidan gem. Bayern ta ci Barcelona 8 da 2 a Lisbon a watan Agustan 2020, Manchester United ta yi wa Arsenal irin wannan a Agustan 2011, ita ma Manchester United ɗin Liverpool ta zura mata 7 babu ko ɗaya a Maris ɗin 2023. Ɗan Barca in ya ɗauki ƙungiyarsa a gem aka zura masa ta huɗu, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Saura huɗu." Ba a ƙara komai a kai.

Wanda aka ci shi ma da nasa harshen, kuma ni ya fi ba ni dariya. Pad ɗin ne, maɓallin harbi ya maƙale. Na'ura ce ta bi bayanka. Hasken ƙofa ne ke dukan idona. Na daɗe ban buga ba. Amsar da ta fi kowace muni ita ce wanda ya ci ya miƙo nasa pad ɗin da hannu biyu ya ce a yi musanya a sake. In kuma aka ɗauke wuta ana uku da nema, saura 'yan mintoci, to an buɗe shari'a: wanda ke baya ya rantse yanzu ya fara gano wasan, da an bari da ya farke duka. A nan mai gem ke zama alƙali, kuma hukuncinsa bai cika wuce ɗaya ba, a raba kuɗin biyu.

Akwai abin da baƙo ba zai lura da shi da wuri ba, shi ne ba kowa ke da izinin yi wa kowa magana ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da tsara wa zai tsokani wa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a rabu. A cikin gida akwai jika da kaka, akwai taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda ke iya gaya wa juna abin da in wani ne ya faɗa sai an kai ga mai unguwa. Wasan ma da kuɗinsa, don a watan Cika-ciki abokan wasa kan bi juna kuɗin shara. Taubasai biyu in suka haɗu a benci ɗaya, ranar 'yan kallo hutawa suke yi, su biyun sun ishi ɗakin.

To amma ƙane ya ci yayansa fa? A nan ake ganin gwaninta. Ba shi da ikon yin kirari, ba shi da ikon yin zambo, 'yan kallo ma sukan rage murya, don gobe yayan ne zai aike su. Na ga irin wannan, ƙanen bai wuce shekara goma sha uku ba, yayan kuwa har ya fara tara gemu. Da aka tashi yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, halan pad ɗin ne. Bari in amso maka wani wurin mai gem." Ka duba maganar nan ta kowace fuska, babu inda za ka kama rashin kunya. Ladabi ne tsantsa, uzuri ne ya miƙa wa babba tun kafin babban ya nema. Amma kowa a ɗakin ya ciji leɓe, don ya ƙwace wa yayan uzurin da zai fake da shi, ya kuma yi masa tayin a sake cinsa a karo na biyu. Yayan ya zaro kuɗi ya biya, ya ce, "Tashi ka tafi gida, Inna na nemanka." Shi ma ya iya. Ya tuna wa kowa cewa nasarar ta ƙare a bakin labule. Habaici ke nan a inda ya fi kyau, wurin da kunya ta toshe hanyar magana kai tsaye, dole magana ta nemi ta kewaye. Da babu kunyar da yaron ya ce na ci ka kawai, da babu wanda zai tuna.

Sai ashar. An daɗe ana tsokanar Katsinawa da cewa ba ta yi musu nauyi a baki, kuma duk wanda ya zauna a tashar mota a ƙasar Katsina ya san tsokanar ba a banza ta taso ba. Aminai biyu da suka daɗe ba su haɗu ba sukan tari juna da kalmar da in Bakano ya ji zai ja da baya ya jira a fara dambe, su kuwa sun rungume juna. Kalma ɗaya ce, amma tsakanin sa'o'in da suka tashi tare ba ta ɗauke da komai sai sabo. A gidan gem ana jin irin wannan, ta wuce babu wanda ya ɗaga kai. Akwai kuma wadda in ta fito ɗakin ke yin tsit, ita ce wadda aka nufa da gaske, aka sa uwar mutum ko 'yar'uwarsa a ciki, daga bakin wanda ba abokin wasa ba. Mai gem ba ya jiran ta biyu, kashe talabijin yake yi ya ce a fita. Duniya ta ga irin wannan a Balin ranar 9 ga Yulin 2006, lokacin da Materazzi ya ambaci 'yar'uwar Zidane, Zidane ya sa masa kai a ƙirji, ya karɓi jan kati a wasansa na ƙarshe, Italiya ta ɗauki kofin duniya a bugun fenariti. Mutanenmu da yawa ba su ga laifin Zidane ba, kuma ba sai an yi musu bayanin dalili ba.

Ko sarkin masu cika baki bai tsira daga wannan iyaka ba. Muhammad Ali yakan faɗi zagayen da zai kayar da mutum tun kafin a shiga fage, kuma sau da yawa hakan ta faru. Wannan kirari ne mai biyan bashinsa. Amma kafin karawarsu ta Manila a 1975 ya riƙa kiran Joe Frazier goggon biri, har da ɗan birin roba yana duka a gaban 'yan jarida, alhali Frazier ya taimake shi a shekarun da aka hana shi dambe. Ali ya ce talla ce kawai. Frazier ya riƙe abin a ransa shekaru da dama. Ali ya ɗauka taubashinsa ne, shi kuwa bai taɓa amsa hakan ba.

A ganina ashar ta gaske alamar gazawa ce, ta wanda dabara ta ƙare masa. Kuma inda ta fi yawa a gidan gem shi ne inda aka wuce kuɗin wasa aka fara ajiye kuɗi a hannun wani, wato caca. Da zarar abin da ke ƙasa ya kai kuɗin da aka aiki yaro da su cefane, ko na cinikin maigidansa, raha ta mutu. Babu mai tsayawa ƙirƙirar zambo, babu mai dariyar na wani. Abin tsoron da na ambata ke nan, kuma masu gem da suka san ciwon kansu ba sa barinsa a shagonsu.

Yanzu kuma waya ta zo ta ɗauke bencin gaba ɗaya. Free Fire na kamfanin Garena na Singafo ya fito a 2017: ana sauke mutum hamsin a tsibiri, a yi ta harbin juna kamar minti goma, wanda ya rage shi ya ci. Ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa, shi ya sa ya bazu inda manyan wasanni ba su kai ba. PUBG ya shigo waya a 2018, Call of Duty a 2019. Yaro na zaune a zaure ko bakin shagon caji a Mashi, kunnensa a toshe, yana faɗa da wanda bai sani ba ko a Legas yake, ko Akara, ko Nairobi. Tsakaninsa da abokan tawagarsa Hausa na nan da ranta: an kwantar da ni, zo ka tashe ni, yana bayan gini, harsashina ya ƙare. Amma kalmomin muzantawa wannan karon aro su aka yi. Akwai nub, wato ɗan koyo, wannan da sauƙi, muna da irinsa. Akwai kuma bot. Bot shi ne ɗan wasan bogi da na'ura ke sarrafawa don cike gurbi, yana tafiya babu dabara, ana harbe shi a banza. In ka kira mutum bot, ka ce masa babu kowa a cikin rigarsa. Kwastoma mutum ne, har aljihu gare shi, kuma ana murnar zuwansa. Wanda aka kashe a dambe namiji ne da ya shigo fage. Bot ba a ma yarda ya zo ba.

Abin da ya ɓace a can ba tarbiyya ba ce kawai, kamar yadda ake yawan faɗa. Babu mai biya, kowa datarsa yake ƙonawa, ko ya ci ko an ci shi. Babu 'yan kallon da za su auna magana su ba ta dariya ko su hana ta. Babu gobe, don wanda ka zaga ba za ka haɗu da shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure ba, bai san gidanku ba, ba ka san nasu ba. Sau da yawa ma babu harshe ɗaya, habaici kuwa ba ya tafiya sai tsakanin waɗanda suka san lungunan harshe guda. Abin da ya rage shi ne ashar, wadda ita ce farkon abin da ake koya a kowane yare. Shi ya sa 'yan mata da yawa masu wasan ba sa buɗe makirfo.

Turawa da mutanen Asiya da suka riga mu shiga wannan duniya sun ƙago nasu ladabin. Haruffa biyu ne, GG, taƙaicen kalmomin Ingilishi masu nufin wasa ya yi kyau. Sun yi ƙarfi ne a wasan StarCraft na 1998, wanda ya zama sana'a a Koriya ta Kudu. A can wanda ya ga an ci shi shi ke fara rubuta GG, ya miƙa wuya ke nan, sannan wanda ya ci ya mayar masa. In wanda ke kan nasara ya riga rubutawa tun wasa bai ƙare ba, cin fuska ne babba, daidai da tashi ka ba ni wuri. Haruffan ba su canza ba, wanda ya fara faɗa ne ya canza. Daga baya aka ƙara musu wasu biyu, EZ, wato ban ko yi gumi ba. Abin ya ishi kamfanin Blizzard, har a 2016 ya saita wasansa Overwatch yadda duk wanda ya rubuta haruffan nan huɗu na'ura za ta goge su ta sa masa wata jimla ta yabon abokan karawa ko ta muzanta kansa. A 2021 kamfanin Riot ya sanar zai rufe hanyar da ɓangarori biyu ke rubuta wa juna a League of Legends, da 'yan wasa suka yi masa ca sai ya mayar da abin gwaji a wasu yankuna. A 2023 Activision ya sa wata manhaja mai suna ToxMod ta riƙa sauraren muryoyin 'yan Call of Duty tana tsamo masu zagi, ta fara da Ingilishi. Duk suna neman mai gem ne wanda zai kashe talabijin, a ɗakin da ke ɗauke da miliyoyin mutane.

Yaranmu kuwa sun samo tasu hanyar ba tare da kowa ya koya musu ba. In ana cikin wasa aka ji wata murya ta saki Hausa, tambaya ta farko ita ce, "Daga ina?" Ƙaramar hukumar Mashi tana iyaka da Nijar, don haka ba abin mamaki ba ne amsar ta zama Damagaram ko Maraɗi. In Maraɗi ce, an samu abin yi. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 can suka kafa gari, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa, don haka gardamar wane ne Bakatsinen asali tana iya cinye wasa uku. In kuwa ya ce Bida, to shi ke nan, bawa ya kawo kansa. Daga wannan tambaya murya ta samu gari, ta samu dangi, an san abin da ya halatta a gaya mata da abin da bai halatta ba. Sai a karɓi lamba, a buɗe zaure a WhatsApp, a sa ranar sake karawa, wanda aka ci jiya a tashe shi da hoton sakamako tun da asuba. Zambo ya dawo, tunda an samu wanda zai ji shi gobe.

Wata rana manhajar sauraren nan za ta koyi Hausa. Tattara mata munanan kalmomi ba zai yi wuya ba, yini guda a tashar Katsina ya isa. Za ta dakatar da aminai biyu da ke gaisawa, ta bar ƙanen da ke tayin amso wa yayansa sabon pad ya wuce da shaidar ladabi. Kafin ta iya raba su sai an zauna an shigar mata da wane ne ɗan ƙanwar uban wane a Mashi, da wanda ya girmi wani, da wanda ya biya kuɗin wasa jiya.